Tsakanin "Babu" da "Ban Gani Ba"

Ran nan na je a auna mini hawan jini a wani ƙaramin asibiti a nan Birnin Kudu. Ina zaune a benci ina jiran layi, sai na jiyo wani matashi a ɗakin gwaji yana gaya wa abokinsa wai duba jini ai ba aiki ba ne, ko ɗan firamare aka nuna wa sau ɗaya zai iya. A huda yatsa, a ɗiga jini a ɗan katin gwaji, a ɗan jira. In layi biyu suka fito akwai zazzaɓin cizon sauro, in ɗaya ne babu. Ba da ni ake ba. Amma wannan "babu" da ya faɗa ta biyo ni har gida, ta hana ni jin daɗin tuwo.

Sunana Sale, mutumin Sundimina. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina leƙa madubin likita ina duba jinin mutane, har matata tana cewa idona na dama ya fi na hagu tsufa. Saboda ku da kuka shigo sana'ar yanzu na zauna na rubuta wannan. Labarin wata yarinya ce 'yar shekara shida mai suna Dije, wadda ranta da lafiyar ƙwaƙwalwarta suka rataya a kan kalma ɗaya da ta fita daga bakina. Sai dai kafin in kai ga Dije, bari in fara da wadda ta koya mini aiki, don kada wani ya yi mini uzuri da rashin sani. Na sani sarai.

Madam Rifkatu ce ta koya mini, a ɗakin gwajin babban asibitin garin nan. Mutuniyar Filato ce, Kirista, gajeriya, mai tabarau da igiya a wuya, ga Hausa a bakinta kamar a cikin birnin Kano aka yanke mata cibiya. Ranar da na fara zuwa na sha guga, ina zaton za a zaunar da ni gaban madubi. Sai ta miƙo mini roba cike da 'yan gilasan da ake shafa jini a kai, ta ce in wanke. Wata uku ban yi komai ba sai wanki. A jiƙa, a cuɗa da garin sabulu, a ɗauraye sau uku, a goge da tsohon farin ƙyalle, a ɗaga wa haske. In ta ga shatin yatsa a gilashi ɗaya, sai ta juye duka cikin ruwa a sake. Maiƙon hannu yana hana jini kwanciya a gilashi, in kuwa bai kwanta ba, duk abin da ka gani daga baya ba abin dogaro ba ne.

Jinin farko da ta yarda na shafa da hannuna na wani direban tifa ne. Ta shimfiɗa tsohuwar jarida, ta ce in ɗora gilashin a kai. In rubutun bai fito ta cikin jinin ba, ya yi kauri. In ya fito ɓaro-ɓaro, ya yi ruwa. Nawa ya yi daidai, na fara jin kaina. Na ajiye shi a taga ya bushe ban rufe ba, kafin in waiwayo ƙudaje sun lashe rabinsa. Dole na bi direban har gindin motarsa na roƙe shi in sake huda shi, ya gaya mini maganar da ba zan rubuta a nan ba.

Daga nan sai rini, wato shuɗin ruwan da ake tsoma gilashin a ciki don ƙwayar cutar ta fito. Dole a tace shi kullum, don dattin da ke kwanciya a ciki yana kama da ƙwayar sosai, ya sha sa sabon hannu ya ɗora wa lafiyayye ciwo. Sai ɗigon mai a kan jinin, sannan ka sa ido. Abin da ido ke gani a leƙe ɗaya muna ce masa fili. Ka duba fili, ka murɗa kaɗan, ka shiga na gaba. Abin da kake nema ɗan zobe ne shuɗi mai jan ɗigo a gefe. Ƙa'idar Madam, kuma ita ce ƙa'idar aikin, sai ka duba fili ɗari kafin ka ɗaga kai.

Na taɓa yi mata ƙorafi cewa ɗari ta yi yawa.

"Ku da kuke jan carbi ɗari ba ɗaya bayan kowace salla, fili ɗari ne zai gagare ka?" in ji ta. "Zauna ka ƙirga."

Na ƙirga, na ɗago na ce, "Babu komai, Madam."

Ta zare tabarau. "Jinin mutumin gaba ɗaya aka kawo maka a bokiti?"

"A'a, ɗigo ɗaya ne."

"To ina ka samo babu? Ka ce ban gani ba. Babu ta fi ƙarfin bakinka, ta fi ƙarfin nawa."

Wata safiya aka kawo jinin wani yaro daga ɗakin yara. Na duba, da ƙyar na samu zobe biyu a fili ɗari. Kafin azahar aka ce yaron ya rasu cikin jijjiga. Abin ya ɗaure mini kai, don na sha ganin jinin da ƙwayoyi suka cika maƙil, mai shi kuwa yana zaune a benci yana ɓarar gyaɗa. Na tambayi Madam ta yaya zobe biyu za su kashe yaro. Ta tura ƙofa, ta ɗauko wani tsohon littafi da bangonsa ya rabu da shi, ta buɗe mini wani hoto.

"Wannan jijiyar jini ce ta cikin ƙwaƙwalwa," ta ce. "Gashin kanka ya fi ta kauri nesa ba kusa ba. Dubi bangonta."

Abin da ta nuna mini a ranar ban taɓa mantawa ba. Jijiyar siririya ce har jajayen ƙwayoyin jini ba sa iya jerawa biyu, sai ɗaya bayan ɗaya. Bangonta na ciki wasu ƙwayoyin halitta ne masu faɗi, shimfiɗe gefe da gefe, kowace ta riƙe 'yar'uwarta gam. A wasu sassan jiki akwai 'yan kafofi tsakaninsu, amma na ƙwaƙwalwa a liƙe suke. Su ne ke zaɓar abin da zai shiga. Suna barin sukari da iskar numfashi su wuce, suna tare datti da guba, har magunguna da yawa ba sa samun hanya. Daga waje kuma akwai wasu ƙwayoyin da suka rungume jijiyar, su ɗan matse ta ko su sassauta, gwargwadon inda ake bukatar jini a lokacin. In mutum yana lafiya, bangon nan sumul yake, ba abin da ke maƙalewa.

Ƙwayar zazzaɓin sauro kuwa cikin jar ƙwayar jini take shiga ta girma. In ta girma sai ta mai da bayan jar ƙwayar ya yi kaushi da danƙo, ta manne a bangon jijiya, don kada jini ya kai ta saifa a hallaka ta. Ɗaya ta manne, wata ta manne a kanta, hanya ta toshe. Ƙwayoyin bangon su kumbura, riƙon da suka yi wa juna ya saki, ruwa ya fara yoyo zuwa inda bai kamata ba. Ƙwaƙwalwa ta kumbura a cikin ƙoƙon kai, ga shi babu wurin da za ta faɗaɗa. Daga nan sai jijjiga, sai dogon suma.

"Waɗanda suka kashe yaron nan ba sa yatsansa, Sale," in ji Madam. "Suna cikin kansa, sun manne. Biyun da ka gani ƙanana ne, ba su isa mannewa ba."

"To ta yaya mutum zai gane?"

"Ka dubi yaron kafin ka dubi gilashin. Sannan in ba ka ga ƙwayar ba, ka nemi kashinta."

Kashin da take nufi wani baƙin ɗigo-ɗigo ne kamar garin gawayi, wanda ƙwayar ke bari in ta ci jini, fararen ƙwayoyin jini su haɗiye shi su yi ta yawo da shi. In ka gan shi da yawa, ka san akwai masu shi a wani wuri ko da ba ka gan su ba. Daga baya na fahimci wannan bangon dai shi ne hawan jini ke gajiyarwa shekara da shekaru har ya fashe ko ya toshe, ɓarin jikin dattijo ya shanye, shi ne kuma lanƙwasassun ƙwayoyin sikila ke kankarewa a cikin kawunan yara. Amma a kan zazzaɓi na fara saninsa.

Da na ƙware aka tura ni wani ƙaramin asibiti a ƙasar Gwaram, wajen Fagam. Ɗakina ɗaya, tebur ɗaya, taga ɗaya. Wuta ba ta zuwa, don haka madubina irin mai ɗan gilashi a ƙasa ne da ke tarar hasken rana ya cilla shi sama. In rana ta matsa, ni ma in matsa da tebur. Yaran garin suka laƙaba mini Malam Sauro, wai ni ma jini nake sha. Na huda yatsun manoma masu taurin da allura ke lanƙwashewa, sai na koma gefen yatsa. Na huda yatsun amare da lalle ya rine har ba a rarrabe jini da lalle. Akwai tsohon da ya ce sai na nuna masa inda nake zubar da jinin bayan na gama, na kai shi bayan ɗaki ya gani da idonsa, sannan ya miƙo hannu. Kusan kowa kuwa in ya karɓi takardarsa sai ya leƙo taga ya ce, "Malam, me ka gani?" Faɗa ba aikina ba ne. Aikina in rubuta, mai takarda ya kai wa Malam Hudu, shugaban asibitin, shi ya dubi mara lafiya ya haɗa da abin da na rubuta ya yanke hukunci.

Sai ga wata damina da ruwa ya yi yawa. Kowane kwari ya zama kududdufi, sauro ya yi kiwo har da rana cizo yake. Layin tagata yana kaiwa gindin darbejiyar bakin hanya ya lanƙwaso. Gilasai suka yi kaɗan, ina wankewa ina sake amfani da su har suka yi kurji. Hadari yana rufe rana, filin madubi ya yi duhu, in yi ta matsa ido har hawaye na zuba. Ban san ranar da na fara rage ƙirga ba. Daga ɗari na sauko hamsin, daga hamsin na sauko talatin. Na gaya wa kaina cewa in akwai, ai za ta fito da wuri, kuma yawanci tana fitowa.

A cikin wannan hali aka kawo Dije. Ubanta Malam Buba, makiyayi ne mai ɗan noma a wata ruga bayan rafi, dogo, marar yawan magana. Ya saɓo ta a kafaɗa lulluɓe da zane, kanta yana lilo. Mai ba da kati ya turo su wurina kai tsaye don a rage wa Malam Hudu layi. Na kama yatsanta, fari fat, jinin da ya fito ma kamar an sirka shi da ruwa. Uban ya ce kwana uku tana zazzaɓi, ya sayo ƙwayoyi a kyamis sun ɗan saukar da zafin, amma da asuba ta yi jijjiga, tun daga nan ba ta amsa kira sosai. Na ji shi da kunne ɗaya. Na shafa, na rina, na leƙa cikin duhun hadari. Fili talatin ban ga zobe ba. A takarda na rubuta daidai, da harufan Turancin da muke rubutawa, cewa ba a ga ƙwaya ba.

Ya karɓi takardar ya juya ta, ba ya karatun boko. Ya sunkuyo ta taga.

"Malam, me ka gani?"

"Ba komai. Kai wa Malam Hudu takardar."

Ku lura da bakinmu. An taka ka a kasuwa, ba komai. Baƙo ya tarar an suɗe kwano, ba komai. Kalma ce da muke sanyaya wa juna rai da ita, tana fita ba tare da ta bi ta kai ba. Amma Malam Buba ba sanyi ya zo nema ba, amsa ya zo nema. Bai tafi ba.

"A'a, Malam, ciwon sauron nake tambaya. Yana jininta, ko babu?"

"Babu," na ce, idona yana kan gilashin da ke biye.

Abin da ban sani ba a lokacin, sai daga baya na ji, shi ne da ƙyar ya fito da yarinyar daga gida. Mahaifiyarsa, Inna Dudu, ta ce iska ce ta taɓa ta a gindin tsamiyar da take kiwon maruƙa, ba ciwon asibiti ba ne. Suka yi sharaɗi: in asibiti suka ce sauro ne, a bar ta a can, in suka ce ba shi ba ne, ya dawo da ita a yi na gida. To ga mai madubi da bakinsa ya ce babu. Ya dubi layin ƙofar Malam Hudu, ya sa takardar a aljihu, ya kama hanyar ruga.

Bayan la'asar gari ya washe, layi ya ƙare. Ina tattara gilasan ranar zan zuba a ruwan wanki, sai ga Malam Hudu a bakin ƙofa.

"Sale, an ce an kawo wata yarinya mai jijjiga da safe. Ban gan ta ba. Tana ina?"

Na tono gilashinta, man ma bai bushe ba. Na jawo tebur zuwa inda rana take, na fara daga farko, a hankali, yadda aka koya mini. Ban yi nisa ba na ci karo da farar ƙwaya cike da baƙin ɗigon nan. Na ga wata, na ga wata. Da safe ma suna nan, ba su nake nema ba. Wajen fili na saba'in sai ga ɗan zobe da jan ɗigonsa, a zaune kamar yana jirana.

"Me ka ce wa uban?" in ji Malam Hudu.

"Na ce masa babu."

Bai yi faɗa ba. Ya ciro makullin babur ɗinsa ya ajiye a kan teburina. "To, sai ka je ka karɓo maganarka."

A katin yarinyar ba a rubuta sunan ruga ba. Masu tallar nono da ke komawa gida ne suka kwatanta mini. Na isa rafin ana shirin kiran magariba, na tarar ya cika ya batse, yana tafe da rassan itace. Mutanen da ke bakin gaɓa suka ce ko mahaukaci ba zai shiga ba sai ya sauka. Na juyo. Wannan juyowa ta fi mini kowace tafiya nisa, don na san abin da ke faruwa a cikin kan yarinyar, na gan shi a hoto. Da gari ya waye na koma, ruwan ya sauko zuwa ƙirji. Na bar babur wurin wani manomi, na ɗora takalma a ka na tsallaka.

Tun daga nesa na jiyo ƙanshin turaren da ake yi mata. Na yi sallama, Malam Buba ya fito daga bukka ya dube ni, tufafina suna ɗigar ruwa. Muka gaisa cikakkiyar gaisuwa, ya gida, ya shanu, ya ruwa, ni kuwa kamar in tsallake ta. Na ce ya mai jiki, ya ce da sauƙi. Da ya ɗaga mini asabari na gan ta kwance, haƙora a dantse, ido a buɗe ba ya ƙiftawa.

"Malam Buba, na sake duba jininta. Akwai ciwon."

"Jiya babu, yau akwai?" Ya yi maganar a hankali. "Da muka taho ya shiga gilashin naka?"

"Wani lokaci ƙwayar tana ɓuya, sai an sake dubawa."

Gaskiya ce na faɗa, amma rabinta. Ɗaya rabin na haɗiye shi, don tsoro nake ji.

Inna Dudu tana zaune a gefen yarinyar da kwanon rubutu a hannu. Ba ta ko dube ni ba ta ce, "Ɗan nan, jiya ka sallame su, yau ka biyo su har gida. Wanne za mu kama?"

Littafin Madam ba zai yi mini amfani a nan ba. Na dubi hanyar da na biyo, sai na ce, "Inna, kin san burtali. A cikin kan mutum akwai hanyoyin jini kamarsa, matsattsu, shinge dama da hagu, jini yana bi ɗaya bayan ɗaya kamar shanu. Ciwon nan sa wasu yake su kwanta a tsakiyar hanya su ƙi tashi. Na baya ba su wuce ba, shinge kuma ya fara ɓallewa. Ni jiya a bakin hanya na tsaya ina ƙirga masu fitowa. Masu yawan suna can ciki a kwance."

Malam Buba ya ce, "In aka daɗe ba a tashe su ba fa?"

"Wurin da jinin zai kai wa abinci sai ya lalace. In ya lalace, ba lalle ya gyaru ba."

Tsohuwar ta dubi kwanon hannunta, ta ce, "Wannan fa?"

"A juye a kwalba a tafi da shi, Inna. Ba ya hana allura aiki. Addu'a kuwa yanzu muka fi bukatarta."

Ita da kanta ta naɗe yarinyar a zane. A rafi Malam Buba ya ɗaga Dije bisa kansa da hannu biyu, ni ina riƙe da ƙugunsa ta baya, muka tsallaka. Malam Hudu ya yi mata allurar farko, ya rubuta takarda, ya tare musu mota zuwa Birnin Kudu. A can aka sa mata ƙarin ruwa da magani, aka ƙara mata jini.

Kwana uku bayan nan na samu na je. Sai da na bi ta ɗakin gwaji, don na san jinin Dije ta hannun Madam Rifkatu zai bi, kuma ta ga takardata. Tana gaban madubi, ba ta ɗago ba.

"Fili nawa ka duba?"

"Talatin, Madam."

"Me ka ce wa uban?"

Na faɗa mata. Ta ci gaba da murɗa madubinta har na gaji da tsayuwa na fita. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Dije ta farfaɗo a rana ta huɗu. Ta gane muryar ubanta, ta sha kunu, ta nemi kakarta. Amma in aka gifta hannu a gabanta, idon ba ya bi. Likita ya haska ya ce idon kansa lafiya lau yake. Wurin da ke karɓar gani a ƙwaƙwalwa, can wajen ƙeya, shi ne jini ya daɗe bai isa ba. Ya ce wasu yaran ganinsu yana dawowa bayan watanni, wasu ba ya dawowa. Na ja shi gefe na tambaye shi ko kwana ɗayan da aka yi asara ne ya jawo. Ya ce babu mai iya rantsuwa a kan haka, amma a wannan ciwo kowace sa'a tana da nauyi.

Ni ba maƙiyin katin gwajinku ba ne. Abu ne mai kyau, kuma da akwai shi a lokacin, mai yiwuwa da ya kama na Dije tun da safe, don shi ba zobe yake nema ba, alamar da ƙwayar ke saki a jini yake ji. Amma na ga katin da zafin ɗaki ya lalata, na ga wanda aka karanta kafin lokacinsa ya cika don layi ya yi tsawo. Kuma ko layi biyu suka fito, kati ba zai gaya muku ko ciwon ya hau kai ba. Wannan sai kun ɗago kun dubi yaron: yana bin ku da ido, yana amsa sunansa, yana iya zama da kansa? In layi ɗaya ya fito a jinin yaron da kansa ke lilo, ku tashi daga kujera ku raka uban har gaban likita. Kada ku ba da amsa ta taga.

Kusan wata ɗaya bayan an sallame su, ina aiki da hantsi, sai inuwa ta rufe mini hasken madubi. Malam Buba ne a taga, da ƙwaryar man shanu a hannu. Dije tana bayansa riƙe da bakin sandarsa, an yi mata kitso, ta ɗan yi ƙiba. Ya ce Inna Dudu ce ta aiko, a kawo wa malamin da ya shiga ruwa saboda jikarta.

Na fito na zagayo. Na ce, "Malam Buba, ajiye ƙwaryar tukuna. Akwai maganar da ban gaya maka ba."

Na gaya masa duka. Cewa ƙa'ida ɗari ce, talatin na duba. Cewa alamar tana nan tun da safe, gaggawa ce ta sa ban neme ta ba. Cewa ba hurumina ba ne in ba shi amsa, kuma ko zan ba shi, iyakar abin da nake da ikon faɗa shi ne ban gani ba. Da haka na ce, da ya jira Malam Hudu.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Na sani, Malam. Lissafinku ban san shi ba, amma na ga ba ka ɗago ka dube ta ba. Shi ya sa na tambaye ka sau biyu."

Dije ta ja sandar ta ce, "Baba, mu tafi, rana tana dukana."

Ya tura ƙwaryar gabana da hannu. "Wannan na rafin da ka tsallaka ne. Wancan kuwa tsakaninka da Allah." Ya gyara hularsa. "Saura tambaya ɗaya. Idon nan zai dawo?"

Amsar ta riga ta hau harshena. Zai dawo in Allah ya yarda, kada ka damu, ba komai. Ina jin ta a bakina, mai daɗi, mai sauƙin fita, kuma na ga a fuskarsa cewa yana son jin ta.

"Ban sani ba, Malam Buba," na ce. "Likitan ma bai sani ba."

Ya gyaɗa kai sau biyu. "To. Wannan na ɗauka."

Ya miƙa wa Dije bakin sandar, ta laluba ta kama, suka bi hanyar rafi. Bayan kaka suka tashi da shanunsu suka yi kudu. Na tambayi masu nono, na tambayi 'yan kasuwar shanu, ba wanda ya san inda suka sauka. Har yau amsar da na ba shi ita kaɗai nake da ita.